Tafiya a Gaban Tebur: Jagorar Aiki a Kan Ƙaramar Na'urar Tattaki a Kumasi

Aikin zama ya yi yawa a Zongo yanzu. Akwai mai yi wa kamfanin waje aiki ta intanet daga ɗakinsa a Aboabo, akwai mai shagon buga takardu a Asawase, akwai 'yar kasuwar da ba ta shiga Kejetia sai ranar ɗaukar kaya, sauran cinikin duk a WhatsApp take ƙare shi. Irin waɗannan mutane sukan shafe awa takwas ko tara a kujera, ba abin da ke tayar da su sai salla da abinci. Daga nan baya ya fara ciwo, ƙafa ta riƙa kumbura da yamma, tumbi ya fito, a je asibiti a ce jini ya hau.

Su ne wannan ƙaramar na'ura ta dace da su. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da dogayen hannuwa da babban allo irin na gidajen motsa jiki, bel ne kawai ke juyawa a kan faranti, kana takawa kana aiki a tebur mai tsayi. Masu sayarwa a shafukan intanet na Jiji da Tonaton da shagunan Adum suna rubuta mata "walking pad". Yawancinsu gudunsu bai wuce kilomita 6 a awa ba, nauyinsu kuma tsakanin kilo 20 zuwa 30 ne, ana turawa ƙarƙashin gado idan an gama.

Tun kafin ka kashe sidinka, ka san abin da za ta yi maka da wanda ba za ta yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato irin tafiyar da ke ɗan ɗaga numfashi. Tafiyar da za ka iya yi kana buga rubutu ba ta kai nan ba, motsi ne mai sauƙi. Amma hukumar ta kuma ce a rage zama, a maye gurbinsa da motsi ko da mai sauƙi ne, domin shi ma yana da amfani ga lafiya. To aikin na'urar ke nan: ta ci wani ɓangare na lokacin kujera. Ba za ta maye maka tafiyar masallaci da ƙafa ba, ba kuma za ta maye ƙwallon safiyar Lahadi ba. Wanda ya saye ta don ya zubar da kilo goma kafin Babbar Salla zai ji haushinta, ya jingine ta a bango.

Mataki na farko: auna ɗakinka da jikinka kafin ka je kasuwa

Ɗauko tef ɗin awo. Na'urar kanta tana cin wajen mita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a tsawo, faɗi kuma santimita 50 zuwa 60. Bayan wannan kana bukatar fili a bayanta, aƙalla mita ɗaya, in ya kai biyu ya fi, wanda babu bango, babu gado, babu bokitin ruwa. Idan ƙafarka ta zame, bel ɗin baya zai kai ka, kuma wanda ya faɗi tsakanin bango da bel mai juyawa fatarsa ce za ta goge. A ɗaki ɗaya na gidan haya wannan filin shi ne abin da ya fi wuyar samu. In babu shi, a haƙura tukuna.

Sai nauyinka. Kowace na'ura tana da iyakar nauyin da take ɗauka, galibi kilo 100 zuwa 120. Kada ka sayi wadda iyakarta daidai take da nauyinka. Ka bar tazarar kilo 15 ko 20, domin injin da kullum yake aiki a ƙarshen ƙarfinsa zafi yake yi, ya mutu da wuri. Ka duba faɗin bel ɗin ma, ba faɗin na'urar ba. Santimita 40 shi ne ƙaramin da zan yarda da shi, saboda idonka yana kan kwamfuta, ba ya kan ƙafarka. Dogon mutum kuma ya nemi bel mai tsawon santimita 110 ko fiye.

Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, da wanda gwiwa ko ƙugu ke damunsa, su fara yin magana da likitansu. Haka wanda jiri ke ɗibarsa idan ya miƙe.

Mataki na biyu: wuta

Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka zan daɗe a kai. Wutar Ghana volt 230 ce. Na'urar da aka ƙera don kasuwar Amurka ko Kanada ta volt 120 ce. Da yawa daga cikin kayan gwanjon da ake saukewa a Tema daga can suke, haka ma wadda ɗan'uwa zai aiko maka daga New York cikin kwantena. Idan ka sauya mata kan fulogi kawai ka jona, allon wutarta zai ƙone nan take, kuma samun madadinsa a nan ba ƙaramin aiki ba ne. Kafin ka biya, ka durƙusa ka karanta 'yar takardar da ke manne kusa da inda wayar wuta ke shiga. In ka ga 220 zuwa 240, ta yi. In ka ga 110 ko 120, ko dai ka bar ta, ko ka haɗa da taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce abin da aka rubuta a jikin na'urar sosai. Ni dai shawarata a bar ta. Waɗanda suka fito daga Ingila, Turai, Dubai ko China galibi wutarsu ta dace da tamu, amma su ma a karanta.

A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango mai baki uku wanda wayar ƙasarsa, wato "earth", ke aiki. Siraran wayoyin jone masu araha da ake lodawa firji da fanka da caja a kansu ba nata ba ne. Idan unguwarku wuta na yawan hawa da sauka, a sa sitabilaiza ko aƙalla abin kariya irin wanda ake sa wa firji.

Sai dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Idan aka ɗauke wuta kana kai, bel ɗin zai tsaya ba sallama, jikinka kuma ya ci gaba. A gudun kilomita 2 wannan ɗan tuntuɓe ne, ka dafa tebur ka tsaya. A gudun kilomita 5 kana iya buga haƙarƙari a bakin tebur. Da zarar an ɗauke, ka sauka ka kashe ta a bango, domin lokacin dawowar wuta ne ta fi yin ɓarna. Ƙaramin janareta mai rawar wuta ma kada a haɗa ta da shi.

Batun kuɗin wuta ba abin tsoro ba ne, amma a gidan da ake raba mita ɗaya ya kamata a faɗa wa maƙwabta tun farko, kafin a fara ƙunƙuni. Lissafin mai sauƙi ne. A ce tana jan wat 200 a tafiyar hankali, kana amfani da ita awa 2 a rana: 200 sau 2 ya ba da 400, yunit ɗaya kuwa wat 1,000 ne na awa ɗaya, wato ƙasa da rabin yunit ke nan a rana. A kwana 22 na aiki bai kai yunit 9 ba. Lambar da aka rubuta a jikinta ita ce iyakar abin da za ta iya ja, ba abin da take ja kullum ba. In kana son tabbaci, duba mitarku ta kamfanin wuta na ECG kafin ka hau da bayan ka sauka.

Mataki na uku: tebur

Tebur ya fi na'urar muhimmanci, kuma shi ake mantawa. Ba dole sai mai hawa da sauka da wuta ba. Kafinta a Sokoban zai yi maka saman katako, mai walda a Suame Magazine ya yi ƙafafun ƙarfe, ko kuma a ƙera ƙaramin benci mai faɗi a ɗora a kan teburinka na yanzu, in dai ba zai yi rawa ba.

Ga yadda ake awon. Sa takalmin da za ka riƙa tafiya da shi, hau kan na'urar tana kashe, saki kafaɗunka, lanƙwasa hannu kamar kana buga kibod. Wani ya auna daga ƙasan ɗaki zuwa gwiwar hannunka. Wannan shi ne tsayin tebur, ko ƙasa da haka da santimita ɗaya ko biyu. Kada ka auna kana tsaye a ƙasa, domin na'urar tana ƙara maka wajen santimita 10 zuwa 13, kuma tebur da ya gaza da wannan tazara zai sa ka wuni a sunkuye. Ka gaya wa mai walda abu biyu: tsakanin ƙafafun tebur ya fi faɗin na'urar, sannan kada ya sa ƙarfen gicciye a ƙasa ta gaba inda kan na'urar zai shiga ko inda ƙaurinka zai buga. Ya sa shi ta baya, daga sama.

Mai laftof yana da ƙarin aiki. Idan kibod ɗinta yana daidai hannu, fuskarta ta yi ƙasa, wuya zai sha wahala. A ɗaga ta a kan tarin littattafai ko ƙaramin akwati har saman fuskar ya zo daidai ido, nisan miƙaƙƙen hannu, sannan a sayi kibod da maus na daban. Ka ƙara girman rubutun da ke fuskar kwamfutar fiye da yadda ka saba, saboda kai yana ɗan motsi. Wayoyi duk a ɗaure su a jikin ƙafar tebur, kada ko ɗaya ta sauko kusa da bel.

A ƙarƙashin na'urar a shimfiɗa roba mai kauri. Tana hana ta zamewa a kan tayil, tana rage ƙarar da mai ɗakin ƙasa ko na gefe zai ji. Kafet mai gashi ba ya yi, yana toshe iskar inji. A sa fanka ta fuskance ka. Zafin Kumasi mai ɗanshi ne, ko tafiyar hankali sai ta jiƙa maka riga.

Sutura da yara

Littafin da ke zuwa da na'urar ba ya maganar jallabiya, amma mu dole mu yi. A ƙarshen bel ta baya akwai ƙarfe mai juyawa, kuma duk abin da ya taɓa wurin janye shi yake ciki. Doguwar jallabiya, babbar riga, zanen da ya sauka har ƙasa, abaya, dogon hijabi mai jan ƙasa, gefen mayafi, duk suna iya shiga. 'Yar'uwa, ki sa wando ko siket da ya tsaya sama da idon sawu, da ƙaramin hijabi wanda bai wuce ƙugu ba. Namiji ya sa wando da riga, in kaftani ne ya zama gajere. Takalmi kuma kambas mai laushin ƙasa, an ɗaure igiyarsa da kyau, wanda aka ware wa ɗaki kaɗai don kada yashin waje ya shiga ƙarƙashin bel. Silifas na zamewa, safa zalla ta fi shi santsi.

Maganar yara kuwa ba ta wasa ba ce. Yaro mai rarrafe yana zuwa ta baya, inda ba ka gani, ya sa hannu a bel, kafin ka ankara fatar yatsunsa ta saɓule. A 2021 kamfanin Peloton ya janye wata babbar na'urarsa daga kasuwar Amurka bayan mutuwar wani yaro da raunata wasu da dama. Ƙaramar ba ta kai waccan ƙarfi ba, amma hannun jariri ba ya bukatar ƙarfi mai yawa. Gidajenmu kuma na yawa ne, yaran maƙwabta suna shigowa ba sallama. Ka rufe ƙofa da sakata in za ka hau. Uwa kada ta hau da goyo. In an gama a cire fulogi, a ɗaga rimot sama, domin yawancinsu ƙaramin batir ne a ciki mai kama da kwabo, wanda haɗiye shi ke iya ƙona maƙogwaron yaro.

Mataki na huɗu: makon farko

Rana ta farko kada ka buɗe kwamfuta. Tsaya a kan bel, dafa tebur, kunna a mafi ƙarancin gudu, ka bari ƙafa ta gane abin. Idan na'urarka tana da tsarin da take ƙara gudu da kanta gwargwadon inda ka taka, kashe shi, ka riƙe rimot a hannunka. Ka koyi inda maɓallin tsayarwa yake har ka iya danna shi ba ka duba ba. Minti 10 ya isa. Idan za ka sauka, tsayar da bel tukuna, ka ɗan jira. Mutane da yawa sukan ji kamar ƙasa na tafiya da su na ɗan lokaci bayan sun sauka, wannan yana wucewa.

Daga rana ta biyu ko ta uku ka fara haɗawa da aiki mara wuya, a gudun kilomita 1.5 a awa. Za ka ji kamar wasa ne, za ka so ka ƙara. Kada ka ƙara. Yi minti 15 da safe, minti 15 da rana, ka zauna a tsakani. A mako na biyu ka kai minti 20 ko 25 kowane hawa, a na uku minti 30. Yawancin mutane suna samun daidaitonsu tsakanin kilomita 1.5 da 2.5 a awa. Alamar ka wuce gona da iri ita ce kuskuren rubutu ya yawaita, ko wanda kake waya da shi ya ji kana haki. Awa ɗaya a gudun kilomita 2 tana ba ka wajen taku 3,000, kuma wannan taku ne da da a kujera za ka bar shi.

Dunduniya da sharaɓa su ne suka fara kuka ga wanda ya yi gaggawa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma ciwon dunduniya mai soka da safe idan ka fara taka ƙasa, ko ciwon gwiwa da ke ƙaruwa, alama ce ta a rage a huta. Ciwon ƙirji, jiri, ko ɗaukewar numfashi kuwa, a tsaya nan take a nemi asibiti. Mai ciwon suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace yamma, domin bororon da bai ji zafinsa ba yana iya zama gyambo.

Wane aiki ake yi a kai?

Ba kowane ba. Amsa waya, karanta saƙonni, taron intanet da kai mai sauraro ne, duba takarda, sauraren karatu ko darasi, tura wa masu saye hotunan kaya, duk waɗannan suna tafiya lafiya. Rubutu ma yana yiwuwa bayan an saba. Amma aikin da ke son hannu ya tsaya cak, kamar zanen hoto da maus, ko cike fom ɗin fasfo na wani, ko lissafin da kuskuren sifiri ɗaya zai jawo asara, a zauna a yi shi. Tura kuɗi ta waya, wato MoMo, ma a tsaya a duba lamba da suna da kyau. A taron da kyamara take kunne, kanka zai riƙa lilo a fuskar mutane, don haka ko ka rage gudu sosai ko ka tsaya idan kai ne mai magana.

Abin da na ga ya fi riƙe mutum shi ne ya ɗaura tafiyar a jikin abin da dama yake yi kullum, maimakon ya ce zai hau idan ya samu lokaci. Mu kuwa ranarmu a yanke take da salloli. Hawa ɗaya da hantsi lokacin duba saƙonnin safe, kafin zafi ya taso. Na biyu bayan Azahar da abincin rana, lokacin da waakye ko tuwon zafi ke saukar da barci. Wannan na biyun ya fi kowanne daraja, domin tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana taimaka wa jiki rage hawan suga a jini. Na uku, ga mai so, bayan La'asar. Da azumi a rage, a mayar da shi safiya ko bayan buɗa-baki, tunda ba halin shan ruwa. Sauran lokaci kuwa gorar ruwa mai murfi ta kasance a kan tebur, ba kofi buɗaɗɗe kusa da kwamfuta ba.

Kujerarka kada ta yi nisa. Manufar ita ce a riƙa sauyawa tsakanin tafiya da zama da tsayuwa, ba a wuni a tsaye ba. Su kansu ƙananan injinan nan ba a yi su don su yi awa uku a jere ba. Duba littafin na'urarka, da yawa suna son a ba su hutu bayan minti 45 ko awa ɗaya.

Mataki na biyar: kula da ita

Abu biyu ke kashe waɗannan na'urori a nan: ƙura da bushewar bel. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana shiga ko'ina, don haka a share ƙarƙashinta da gefen bel kowane mako, a goge gumi da tsumma mai ɗan danshi, a rufe ta da zane in an gama. Da damina kuma kada a jingine ta a bangon da ke tsotsar ruwa ko a bar ta a baranda.

Tsakanin bel da farantin da yake gogawa akwai mai. Idan ya bushe, inji yana wahala, ya yi zafi, ka fara jin ƙauri. Ga gwajin: cire fulogi, ɗaga gefen bel daga tsakiya, sa yatsu ka shafa farantin. In ka ji ɗan maiƙo, lafiya. In ya bushe ƙayau, a zuba man silikon na na'urar tattaki, kaɗan a kowane gefe ta yadda zai kai tsakiya, sannan a kunna a hankali na minti uku zuwa biyar ya bazu. Silikon kaɗai. Baƙin mai, giris, man girki da man kaɗanya duk suna lalata robar bel. Ka tambayi mai sayarwa kwalbar man tun ranar saye, kuma kada a cika shi, in ya yi yawa bel zamewa yake.

Wata rana za ka ga bel ya karkata gefe ɗaya yana gogar baki. Ba lalacewa ba ce. A ƙarshen na'urar ta baya akwai ramuka biyu, hagu da dama, da noti a cikin kowanne, kuma an haɗo maka da alanki, ƙaramin ƙarfen juya notin, a kwali. Kunna ta ba kowa a kai, a gudun kilomita 3 ko kusa da haka. In bel ya tafi hagu, juya notin hagu kwatan zagaye ta hannun agogo. In dama ya tafi, na dama. Jira minti ɗaya ko biyu ka ga yadda zai koma kafin ka ƙara, kuma yatsunka da hannun rigarka su yi nesa da bel. In kuwa bel ɗin yana ɗan tsayawa ne a ƙarƙashin ƙafarka alhali inji na juyawa, ya saki ke nan: ɗaure notin biyu daidai wa daida, kwata-kwata, har ya daina. Ɗaurewa fiye da kima tana cinye ƙarafan juyawa.

Ga mai sayen ta hannu, kada ka yarda da gwajin minti ɗaya a bakin shago. Hau ka yi tafiyar minti 10 cikakku. Saurari inji ko yana ƙara mai kaushi, shinshina ko akwai ƙauri, taɓa murfin gaba ka ji zafinsa, duba gefen bel ko ya fara zarewa, ka kuma shafa farantin ko ya tsage. In mai naɗewa ce gida biyu, taka daidai mahaɗar ka ji ko tana damun tafin ƙafarka. Ka tabbata rimot yana nan yana aiki, domin wasu ba sa tashi sai da shi, kuma na wata ba lallai ya yi wa wata ba. Sabuwa ce ko tsohuwa, ka tambayi wanda zai gyara ta a Kumasi in allon wuta ya ƙone, ka karɓi rasit da sharaɗin garanti a rubuce kafin a ɗora ta a mota.